Kada taron tsofaffin ɗalibai a ƙetare ya zama taron tsintsiya ba shara

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida in yi magana da 'yan uwa maza da mata da suka gama jami'a, neman abinci ko ƙarin ilimi ya kai su wata ƙasa, yanzu kuma suke ƙoƙarin haɗa kawunansu su yi taron tsofaffin ɗalibai a can inda suke. Wannan yunƙuri abin a yaba ne. Mutum ya shekara 15 ko 20 bai taka harabar makarantarsa ba, ya shiga zaure a wani birni mai nisa ya ji ana kiran sunan ɗakin kwanan da ya zauna, ana ambaton malamin da ya koyar da shi a shekararsa ta farko, dole zuciyarsa ta motsa. Abin da ke damuna shi ne da yawa daga cikin tarurrukan nan ana yinsu a watse jami'ar ba ta ma san an yi ba. An farfaɗo da zumunci tsakanin abokan karatu, amma igiyar da ta haɗa su da makarantar tana nan a tsinke. Ɗaure wannan igiya aiki ne na takardu da lissafi da bibiya, kuma akasarinsa ana yinsa ne watanni kafin ranar taro da makonni bayanta.

Takarda ta farko ba ta gayyata ba ce. Wasiƙa ce zuwa ga jami'ar kanta. Galibin jami'o'i suna da ofishin hulɗa da tsofaffin ɗalibai, wani wuri yana ƙarƙashin shugaban jami'a, wani wuri ƙarƙashin magatakarda, wani wuri kuma an haɗe shi da ofishin neman gudummawa. A rubuta masa, a aika da kwafi ga uwar ƙungiyar tsofaffin ɗalibai idan akwai ta. Abin da za a nema a fili yake: takardar amincewa da reshen ƙungiyar da ake son kafawa, izinin amfani da suna da tambarin jami'a, da sunan ma'aikaci guda ɗaya wanda zai riƙa amsa saƙo ta adireshin imel na hukuma. Tambari dukiyar jami'a ce, buga shi a kan tikiti ko riga ba da izini ba yana iya jawo wasiƙar lauya. Takardar amincewa kuwa ita banki zai so ya gani, ita ce kuma ke kashe rigimar da ta fi kowace rusa rassa, wato a wayi gari ƙungiyoyi biyu a birni ɗaya kowace tana cewa ita ce ta gaskiya. Idan aka yi wata guda shiru, a nemi wani malami da ke koyarwa a can ya kai takardar hannu da hannu, a buga masa hatimin karɓa a kan kwafi.

Daga nan sai rajistar membobi. Fom ɗin ya ƙunshi sunan da mutum ya yi karatu da shi, domin mata da yawa sun sauya suna bayan aure, wasu mazan ma rubutun sunansu a fasfo ya bambanta da na takardar digiri. Ya ƙunshi lambar ɗalibi, sashe da tsangaya, shekarar shiga da ta fita, da birnin da yake zaune. A zauna tun farko a yanke wane ne memba: wanda ya yi digiri kaɗai, ko har da mai difloma, da wanda ya fara bai ƙarasa ba, da tsohon malami? Ra'ayina a buɗe ƙofa ga kowa wajen zama memba, amma riƙe muƙami da sa hannu a asusu a keɓe su ga wanda magatakarda ya tabbatar da lambarsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma duk inda ake tara kuɗi ba a rasa mai shigowa da sunan makarantar da bai taɓa zama a ajinta ba.

Wannan rajista amana ce, a wasu ƙasashe kuma doka ce. A Tarayyar Turai dokar kare bayanan mutane ta GDPR ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018, Birtaniya ma tana da irinta, kuma ba su bar ƙananan ƙungiyoyi a baya ba. A sa wuri a fom inda mutum zai nuna ya yarda a aika da bayanansa ga jami'a. Wanda bai yarda ba, sunansa ya tsaya a reshe. Kuskuren da aka fi yi shi ne aika imel ga mutum 200 kowa yana ganin adireshin kowa, alhali akwai gurbin ɓoye adireshi. Zauren WhatsApp ma haka yake, yana ɗaukar mutum 1,024 amma duk wanda aka jefa ciki lambarsa ta fita hannunsa, don haka a tura wa mutum hanyar shiga ya shiga da kansa. Ya fi kyau a yi zaure biyu, ɗaya na sanarwa wanda shugabanni kaɗai ke rubutu, ɗaya na hira. In aka haɗa su, sanarwar ranar taro za ta nutse a ƙarƙashin muhawarar siyasa, masu aiki da yawa kuma su fice a ɓoye.

Maganar kuɗi ita ce inda zumunci ya fi lalacewa, bari in daɗe a kanta. Kada a tara ko kwabo a asusun wani mutum, komai amanarsa. Banki yana iya rufe asusun mutum idan ya ga kuɗi suna shigowa daga mutane barkatai ba bayani, hukumar haraji tana iya ɗaukarsu a matsayin kuɗin shigarsa, idan kuma ta Allah ta kasance kuɗin sun shiga cikin dukiyar gado sai an sha wahala kafin a fitar da su. A rubuta gajeren kundin tsarin mulki, shafi 3 ko 4 ya isa, a buɗe asusu da sunan ƙungiya, mutum uku su zama masu sa hannu, ba a fitar da kuɗi sai biyu sun amince, kuma kada biyun su zama 'yan gida ɗaya. Kowace ƙasa da ƙa'idarta. A Faransa mutum 2 sun isa kafa ƙungiya a ƙarƙashin dokar 1901, a Jamus sai an samu mutum 7 kafin a yi wa ƙungiya rajista a kotu. A Ingila da Wales ƙungiyar agaji da kuɗin shigarta ya wuce fam 5,000 a shekara wajibi ne ta yi rajista da hukumar kula da ƙungiyoyin agaji, kuma idan hukumar haraji ta amince da ita tana iya karɓar ƙarin fam 25 a kan kowane fam 100 da mai biyan haraji ya bayar, ta tsarin Gift Aid. Sai dai kuɗin tikitin cin abinci ba kyauta ba ce, ba ya shiga wannan lissafi, kuma ƙungiyar da amfaninta ya tsaya ga membobinta kawai ba ƙungiyar agaji ba ce a idon doka.

A Amurka bambancin ya fi fitowa fili. Ƙungiyar zumunci tana shiga sashe na 501(c)(7) na dokar haraji, wanda ya ba ta kyauta ba ya samun rangwamen haraji. Ta ilimi da agaji kuwa tana shiga 501(c)(3), mai bayarwa yana samu. Ƙaramar ƙungiya da kuɗin shigarta bai wuce dala 50,000 a shekara ba tana iya neman matsayin 501(c)(3) da gajeren fom na 1023-EZ, sannan ta riƙa cika fom ɗin rahoto na 990-N kowace shekara. Idan ta yi shekara 3 a jere ba ta cika ba, matsayin ya faɗi da kansa, kuma rassa suna faɗawa wannan rami ne lokacin da tsohon sakatare ya sauka bai gaya wa sabo ba. Wani abin da ba kowa ya sani ba: kyautar da mutum ya aika kai tsaye ga jami'a a wata ƙasa galibi ba ta samun rangwame a Amurka, kuma ƙungiyar da ke can ba za ta zama bututun wuce kuɗi kawai ba, dole kwamitinta ya duba aikin, ya amince, ya karɓi rahoton yadda aka kashe. Wannan sharaɗi alheri ne, domin yana tilasta wa ɓangarorin biyu rubuta abin da suka yi alkawari.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A tsayar da rana aƙalla wata 6 kafin taro, a duba kalandar jami'a kada ta faɗo a makon jarrabawa ko bikin yaye ɗalibai, lokacin da babu jami'in da zai iya motsawa, a kuma duba lokutan ibada da hutun makarantun yara a ƙasar da ake zaune. Taron farko kada a yi masa buri: ɗakin da zai ci mutum 40 a cike ya fi zauren mutum 300 da kujeru ke kallon juna. A karanta yarjejeniyar wurin taro layi-layi, musamman adadin mutanen da aka lamunce wa otal, ranar ƙarshe ta sauya adadin, da abin da zai dawo daga kafin alƙalami idan aka fasa. Ga misalin yadda lissafi ke karyewa. A ce haya da lasifika da inshora sun kama fam 900, abincin kowane mutum fam 30, mutum 60 suka ce za su zo. Aka raba a kan 60, tikiti ya zama fam 45. Ranar taro mutum 40 suka zo suka biya a ƙofa, an tara 1,800. Idan abincin 40 kawai aka biya, giɓin fam 300 ne. Idan kuwa an riga an lamunce wa otal 60, giɓin ya kai 900, kuma daga aljihun 'yan kwamiti zai fito, su ne kuma ba za su sake karɓar aikin ba baɗi. Maganin shi ne a yi lissafi a kan kashi biyu cikin uku na masu cewa za su zo, a karɓi kuɗi kafin rana, a ba otal adadin waɗanda suka biya kaɗai. A ware 'yan kujeru kyauta ko da rangwame ga waɗanda ke karatu yanzu a ƙasar, su ne jinin reshen nan da shekara goma.

Kowa yana son shugaban jami'a ya zo da kansa. In ya samu zuwa madalla, amma wanda ya fi amfani ga taron farko shi ne jami'in da ke riƙe da takardun ɗalibai ko shugaban ofishin tsofaffin ɗalibai, domin su ne ke da amsar tambayoyin da za a yi. A rubuta tun wuri wa zai biya jirgi, wa zai biya masauki. Bizar ziyara ta Birtaniya ana iya nemanta wata 3 kafin tafiya, amsa kan ɗauki kusan mako 3. Ta Schengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, ana nema daga wata 6 zuwa kwana 15 kafin tafiya, da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Ta Amurka kuwa jiran ranar ganawa kaɗai yana iya cin watanni. Takardar gayyata ta faɗi ranar zuwa da ta komawa da mai ɗaukar nauyi, kuma kada reshe ya yarda a cusa sunan wanda ba shi da aiki a tawagar, domin mutum ɗaya ya ƙi komawa ya ɓata sunan ƙungiyar a ofishin jakadanci. Idan biza ba ta fito ba, a haɗa ta bidiyo. A tuna Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40, a gwada makirfo da majigi awa biyu kafin a fara, a kuma lura da canjin agogo: akasarin jihohin Amurka suna tura agogo gaba ranar Lahadi ta biyu a Maris, Turai sai Lahadin ƙarshe, don haka a makonnin da ke tsakani tazarar Landan da Niyok awa 4 ce ba 5 ba.

A ranar taro jawabai su taƙaita. Jami'a ta yi minti 20 tana faɗin halin da ake ciki da alƙaluma, yawan ɗalibai da malamai, sababbin kwasa-kwasai, abin da ya lalace. Sauran lokaci a bar wa tambaya. Tambayar da za ta fara tashi, ko an shirya mata ko ba a shirya ba, ita ce ta takardar cikakken sakamako. Wannan ita ce ainihin jijiyar da ta haɗa mazaunin ƙetare da jami'arsa, kuma wanda aka wahalar a kanta ba zai buɗe jakarsa don gina ɗakin karatu ba. Hukumomin tantance takardu irin su WES a Amurka da Kanada galibi ba sa karɓar sakamako daga hannun mai shi, sai dai jami'a ta aiko kai tsaye, ta hanyar intanet da suka amince da ita ko a ambulan rufaffe. Ambulan ɗin nan sai an buga hatimi ko sa hannu a kan bakin da aka liƙe, rabi a marfi rabi a jiki. In magatakarda ya buga a tsakiyar ambulan, ko wani ya buɗe ya sake liƙewa da salatif, takardar ta tashi a banza, a sake biya a sake jira. Likitoci kuwa ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin waje masu son aiki a Amurka, tana rubuta wa makarantarsu ne ta tabbatar da digiri, idan ba wanda ke buɗe wannan imel a can, aikin mutum ya tsaya cak alhali ba laifinsa. Don haka kada a ɓata damar wajen huce haushi a kan baƙo. A tambaye shi wane adireshi ne na hukuma, wa ke buɗe shi, kwana nawa aiki ke ɗauka, ta yaya wanda ke waje zai biya da katin bankinsa ba sai ya bi ta hannun ɗan tsakani ba. Sannan reshe ya naɗa mutum ɗaya da zai riƙa tattara buƙatun da suka maƙale, kowace da lambar rasit da ranar biya, ya aika jeri guda sau ɗaya a wata. Jeri ɗaya mai sunaye 12 daga reshen da aka amince da shi ya fi wasiƙu 12 na ɗaiɗaiku nauyi. Idan kuma matsalar ita ce tsofaffin sakamako suna jibge a fayil-fayil ba a shigar da su kwamfuta ba, to ga aikin farko da reshe zai ɗauki nauyi, mai iyaka, mai ƙirguwa, wanda kowane memba zai ga amfaninsa.

Game da taimako, a tambayi sashe abin da yake buƙata kafin a yanke abin da za a ba shi. Cika kwantena da tsofaffin kaya yana da daɗin hoto, amma sau da yawa nauyi ne ake ɗora wa makaranta. Na'urar da aka ƙera don lantarkin Amurka da Kanada mai ƙarfin 120 idan aka soka ta a na 230 da ake amfani da shi a Turai da akasarin Afirka, ƙauri kawai za a ji. Kwamfutocin da ba za su iya ɗaukar Windows 11 ba sun shiga matsala tun da aka daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Magani kuwa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ya isa da sauran aƙalla shekara ɗaya kafin ya lalace. Kafin kaya su bar tasha a samu takardar yafe kuɗin fito a hannu, a san wanda zai fitar da su, domin kuɗin ajiya a tashar jirgin ruwa kullum ƙaruwa yake har ya wuce darajar kayan. Tsofaffin mujallun bincike ma ba sai an yi dakonsu ba, tsarin Research4Life yana ba cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi damar karanta dubban mujallu kyauta ko da rahusa, abin da ake buƙata shi ne ɗakin karatu ya yi rajista kuma intanet ya tsaya.

Lokacin mutum ya fi kwantena daraja. Malamin da ke koyarwa a waje yana iya duba kundin ɗalibin digiri na uku tare da malamin gida, injiniya ya yi darasi ta bidiyo sau 4 a zango, ma'aikacin kamfani ya duba takardun neman aiki na 'yan ajin ƙarshe. An ma kafa shirye-shiryen biyan kuɗin komawa gida don irin wannan aiki. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara TOKTEN, shirin mayar da ƙwararru ƙasarsu ta asali na ɗan lokaci, a Turkiyya a 1977, gidauniyar Carnegie kuma a 2013 ta fara ɗaukar nauyin malaman jami'a haifaffun Afirka da ke Amurka da Kanada su je su yi kwana 14 zuwa 90 a wata jami'ar Afirka. A wannan shiri jami'ar da za ta karɓi baƙo ita ce ke gabatar da buƙatar aikin, shi ya sa sanin shugaban sashe da suna ya fi hoto da manyan baƙi amfani. Masu son kafa tallafin karatu na dindindin su yi lissafi da idon basira: gidauniyoyi kan kashe kusan kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na jarinsu a shekara, wato tallafin 1,000 duk shekara yana buƙatar jarin 20,000 zuwa 25,000. Reshen da bai kai nan ba ya yi alkawarin ɗalibi 2 ko 3 daga shiga har fita, da ƙa'idar zaɓe a rubuce, kuma 'ya'yan 'yan kwamiti ba sa ciki. Kuɗin su tafi asusun jami'a na hukuma, a tabbatar da lambar asusun ta waya a layin da aka riga aka sani, domin 'yan damfara suna kutsawa imel su sauya lamba. A riƙa aikawa a dunƙule, tunda kowace turawa bankunan tsakani suna yankar nasu.

Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Cikin kwana 7 bayan taro a aika wa kowane memba da jami'a takarda ɗaya: mutum nawa suka zo, nawa aka tara, nawa aka kashe da kwafin rasit, me aka yanke, wa zai yi, zuwa yaushe. Hoton da za a wallafa a nemi izinin waɗanda ke ciki. A sa ranar ganawa ta bidiyo da jami'in hulɗa bayan wata 3, ko da minti 30 ne, a bi alkawuran ɗaya bayan ɗaya. Wa'adin shugabanni kada ya wuce shekara 2 sau biyu, kuma a raba zaɓen yadda rabin kwamiti zai sauka rabi ya rage. Imel da shafukan reshe a buɗe su da sunan ƙungiya, mutum biyu su riƙe kalmar sirri, ranar miƙa mulki kuma a tafi banki tare a sauya masu sa hannu kafin tsohon ma'aji ya koma wani gari.

Na gode da wannan fili, Malam Edita. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani mai karatu, ma'abocin harkokin ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai